Nonon Ƙofar Asibiti

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen jikokina wani lokaci sai na lalubo, amma shari'ar Baffa ta shekarar da aka samu mulkin kai, ita kam ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Lokacin ina saurayi, masinja ne ni a wani ofis a GRA, ina hayar ɗaki ɗaya a unguwar Gwallaga. Ga keke, ga gajeren wando, ga rawar kai. Baffa kuwa, wato mahaifina, yana ruga da shanunsa, tafiyar kamar awa biyu daga gari. Ni ne ɗansa na fari, kuma a wajenmu Fulani ana kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baffa ba. Da na bar kiwo na shigo gari sai ya koma ce min "mutumin birni". Ni da wautata na ɗauka ƙina yake yi.

Da kakar nan, gari na ta shirin biki, na kwararo gangara da gudu a kan keke na daki wata babbar mota. Ƙafa ta karye, sai da aka yi min aiki. Na yi sati uku a asibiti. Kullum da safe mai gadi zai shigo min da ƙwaryar kindirmo, ya ce wani bawan Allah ne ya ba da sadaka. In shanye, ya ɗauki ƙwaryarsa. Abin da ke cin raina shi ne ko sau ɗaya Baffa bai leƙo ni ba. Bayan sati biyu, can wata safiya nonon ya daina zuwa, na ce mai sadaka ya gaji.

Ina fitowa da sanduna biyu na tarar an kama Baffa. An tsinci gawar wani manomi a gonarsa, can bayan rugarmu, da rauni a ka. Kafin nan mutane sun ga sun yi cacar baki da Baffa a kasuwa kan shanu sun shiga dawa. Da aka tambaye shi inda yake a ranar, sai ya ce Allah ya sani. Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ɗaya. Shari'ar kisan kai ce, in ta tabbata rataya ce.

Tunda ba mu da halin ɗaukar lauya, gwamnati ta ba shi guda kyauta. A Jos yake, sai in joji zai zauna yake zuwa. Ya zo da tafinta, ya zauna da Baffa awa guda, ya fito yana share gumi. Ya ce min in tsohon nan bai faɗi inda yake ba, ba shi da abin da zai tsaya da shi gaban joji. Daga nan ya haɗa ni da wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai kula da 'yan kurkuku marasa gata.

Ganin farko na raina shi. Gajere ne, da tsohon keke mai ƙara, mutumin ƙauyukan kan dutse, Hausarsa ko mace "ya zo" yake ce mata. Kowa Malam yake kiransa. Na zaci tambayoyi zai jera min kamar lauya, sai ya ce na ci abinci? Wa ke wanke min ciwon?

Cikin sati ɗaya na ga aiki. Ya rubuta wa ofishinmu takarda kada a ba wani gurbina. Ya nemo wa Baffa bargo da maganin tari, ya samo izinin a riƙa kai masa fura don ya kasa cin tuwon kurkuku. Ya taka har ruga, ya tarar dangin mamacin na barazanar ƙona bukkoki, ya je wajen dagaci ya sa aka tsawatar, ya kwaso Inna da ƙannena ya sauke su gidan wata dattijuwa a unguwarmu da buhun gero. Duk la'asar kuma yana kurkuku wajen Baffa, hirar shanu kawai suke yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi inda yake a ranar ba. Na ce masa lokaci fa na tafiya. Ya ce mutumin da ya ƙi gaya wa ɗan sanda da lauya, ba don an ƙara tambaya zai faɗa ba. Akwai abin da ya fi masa rataya nauyi, shi za mu nemo.

Wajen Inna ya samo bakin zaren. Yana zaune tana dama fura, ya ja ta da hirar tatsa, har ta ce a kwanakin nan Baffa da kansa yake ware kindirmo mafi kyau, ya fita da shi tun asuba. Malam ya ce ina yake kaiwa? Ta sunkuyar da kai ta ce birni. Daga nan ta ja bakinta, don ita ma kunyata take ji, kuma Baffa ya hana ta faɗa.

Sai ga shi ɗakina, ya jingine keke, ya ce me na riƙa ci a asibiti? Na ce ai Allah ya haɗa ni da wani mai sadakar nono. Sai ya ce in hau bayan keken.

Mai gadin asibitin, tsohon soja ne, ya yi ta kame-kame don an sa shi alkawari. Da ya ji rai ne a ciki sai ya saki baki. Ya ce wani Bafillace dogo ke kawowa, ya zauna ƙarƙashin bishiyar ƙofa har rana ta take, ya tambayi jikin "mai karayar nan", ya karɓi ƙwarya ya tafi. Ranar da aka yi min aiki kuwa tun sassafe bai motsa ba sai la'asar, ko ruwa bai sha ba, tare suka yi azahar. Malam ya nemi a duba littafin asibiti. Ranar aikina ita ce ranar da aka kashe manomin, da hantsi.

Na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa na yi kuka kamar yaro.

Na ce mu ruga kurkuku in sa Baffa ya faɗa da bakinsa. Malam ya hana. Shi kaɗai ya shiga, ni ina jin su ta bayan ƙyaure.

"Baffa, mun gano inda kake."

Baffa ya ce, "Ni in miƙe gaban jama'a in ce na wuni ƙofar asibiti saboda wancan? Gara su yi abin da za su yi."

"Ba za ka ce komai ba. Kai dai ka zauna. Wani zai faɗa."

Wannan ne ya fi ba ni mamaki har gobe. Kowa so yake ya karya kunyar Baffa don ya cece shi. Malam kuwa ya nemo hanyar da Baffa zai fita da ransa da kunyarsa duka. Ya aika wa lauya komai a rubuce, ya roƙe shi kada ya tsayar da Baffa ba da shaida.

Ranar zaman kotu mai gadi ya miƙe kamar a fareti ya zayyana komai, wani nas ya kawo littafi. Tunda aka fara Baffa ya ja rawani ya rufe fuska, kamar yanzu ne ake tona masa laifi. Joji ya sallame shi. Wanda ya yi kisan kuwa sai bayan watanni aka kama shi, rikicin iyakar gona ne.

A waje na dogara sandata na durƙusa gabansa. Ya kawar da kai. Ya saci kallon ƙafata sau ɗaya, sannan ya juya wajen Malam ya ce, "Ka gaya wa mutumin birni ya rage gudu da keken nan."

Malam ya ce zai gaya masa in ya gan shi. Ya ɗane kekensa, ya ce akwai wata mata a kurkuku da aka raba da jaririnta, ya tafi. Ko godiya bai tsaya ya karɓa ba.

Har Baffa ya rasu bai kira sunana ba, ni kuma ban ƙara jiran ya kira ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya yi shiru gaban shari'a ba lallai laifi yake ɓoyewa ba. Lauya ya iya doka, amma sai an samu mai zama kusa da mutum, ya san me ya ci, me yake jin kunya, kafin dokar ta yi masa amfani. Ni dai sati biyu ina shan son mahaifina a ƙwarya ban gane ba, sai da wani bare mai tsohon keke ya nuna min.