Addu'ar da Na Hana Inna

Kakata ta wajen uwa Kirista ce, kuma a haka ta rasu. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya zauna jiran wurin da za ta musulunta.

Gidanta yana wata 'yar unguwa a gefen Tsanyawa, inda Hausawa Kiristoci suke da ƙaramin coci mai rufin kwano a tsakiyar gonakin gero. Inna ta musulunta tun tana budurwa, kafin ta auri Baba, amma ba ta taɓa ɗauke ƙafa daga gidan uwarta ba. Duk bayan girbi sai ta kwashe mu mu je. Kafin mu isa, Kaka ta aika an kirawo wani maƙwabcinta musulmi ya yanka mata kaza, don mu ci hankali kwance. Tana da buta da tabarma da ba mai taɓawa sai mu. Ni kuwa, da yake ni ne jikanta na fari, Maigida take ce mini, kuma kullum cinyar kazar tawa ce.

Shekarar da na fara kwaleji a Kano na dawo kaina yana hayaƙi. Na zauna gaban malamai, na haddace hujjoji, ina jin babu wanda zai ja da ni. Dama ni mutum ne mai saurin hawa, wannan kowa ya sani a gidanmu.

Muka je kamar kullum. Aka ajiye tuwon dawa da miyar kazar, Kaka ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta, ta rufe da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na ji wannan ya fi a ƙirga tun ina yaro, ban taɓa damuwa ba. Ran nan sai na janye hannuna daga kwanon.

"A'a, Maigida," in ji ta tana dariya, "girkin birni ya ɓata maka baki ne?"

Na ce, "Kaka, su nawa kika kira yanzu?"

"Ɗaya."

"Uku na ji da kunnena."

"Uku ka ji, amma Allah ɗaya ne. Haka muka ba da gaskiya."

Inna ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Na ɗaga yatsu uku a gaban tsohuwar nan ina ƙirga mata kamar 'yar aji ɗaya. Na ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Na ce abin da take yi shirka ne, kuma na faɗa mata makomar mai shirka, da babbar murya, har wasu mata suka leƙo ta kan danga.

Ta bari sai da na gama. Sannan ta ce, "Ni ban yi makaranta ba, ba zan iya kayar da kai ba. Amma tun kafin a haifi uwarka nake durƙusawa, ban taɓa jin ina magana da mutum uku ba. Wanda ya halicce ni shi ya zo ya cece ni, shi ne kuma yake tare da ni a ɗakin nan. Ban san wani ba. Ci abincinka, zai huce."

Ban ci ba. Na saka takalmina na fita titi, na tari motar gida.

Wallahi tsoro nake ji mata. Ina son matar nan, kuma na yi imani, har gobe ma na yi, cewa Allah ɗaya ne ba shi da abokin tarayya. Tsorona shi ne kada ta mutu a kan abin da take kai. Amma abin da ya fito daga bakina ba tsoro ba ne, cin fuska ne, kuma shi ta ji.

Shekara biyu ban koma ba. Inna in ta dawo sai ta miƙo mini ƙullin gyaɗa ko daddawa, ta ce, "Ta ce a gai da maigidanta mai fushi." Ni kuwa ina ta cewa zan je in na ƙara karatu, in na samo yadda zan fahimtar da ita. Ka ji shirme!

Ta rasu da damina, ana tsakiyar noma na biyu. Muka je, muka tsaya can gindin wata ɗorawa, 'yan cocinsu suna waƙoƙinsu har aka rufe ta. Da muka dawo gida aka fara shigowa gaisuwa. Mace za ta buɗe baki ta ce "Allah ya ji…" sai ta tuna, ta haɗiye sauran, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri." Kwana uku ana shiga ana fita, babu wanda ya ce Allah ya jiƙanta.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, Inna ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan abin sallah, idanunta sun kumbura.

"Kai ne ka yi karatu," in ji ta. "Ta sha faɗa mini Allah ɗaya take bauta wa. Zan iya roƙa mata gafara?"

Ina ma da na ce mata bari in tambayo. Ina ma da na zauna kusa da ita ko na minti biyar ne kafin in buɗe baki. Ina! Amsar tana kan harshena, a tsaye na ba ta, kamar ina gaban malamin jarrabawa. Na ce bai halatta ba, na kawo mata dalili.

Ta dube ni ta ce, "To."

Yau shekaru da yawa ke nan, ni ma na fara furfura. Na tambayi malamai, amsar ba ta canza ba, ban kuma ce ta canza ba. Sai dai Inna tana da al'adar yin addu'a a bayyane bayan sallah, tana jero mamatanta ɗaya bayan ɗaya: Baba, surukanta, ƙanena da ya rasu yana jariri, har maƙwabta. In ta zo wani wuri sai ta yi shiru, hannuwanta a sama, ta daɗe a haka, sannan ta ci gaba da na gaba. Ni na san wurin waye. Duk ranar da nake gidan, in ta kusa zuwa nan, tashi nake in fita zaure.