Ƙuri'ar da Fulgencio Ya Soke

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana rana, da ka ji ƙofar ƙarfen ofishin jam'iyya ta yi sama a Villar del Acebuche, ka san Fulgencio Arjona ya iso. Sai ya share bakin ƙofa, ya tsallaka shagon Paqui ya karya da gahawa da burodi da man zaitun, sannan ya dawo ya zauna yana karanta wa tsofaffi wasiƙun hukuma da suka gagare su. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Sana'arsa ta asali gyaran takalma ce, kuma a gaskiya bai taɓa ƙwarewa ba, don wanda ya gyara mini bara har yau kuka yake idan na taka. Lahadin da ta wuce ya miƙa makullai, ya ce gwiwoyinsa sun riga shi yin murabus.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai game da tsohon nan, kuma ba ni kaɗai ba. Kowa ya san Araceli Quesada, shugabar jam'iyyarmu ta 'yan hagu, 'yar garin nan ce. Lauya ce da ta fara da tsaya wa mata masu gyaran ɗakunan otal, ta zama muryar ƙungiyar ƙwadago, ta shiga majalisar yanki a Sevilla, daga can sai Madrid. Masu sonta suna cewa ba ta iya lanƙwasa magana ba, maƙiyanta ma abin da suke cewa ke nan. Ita ce ta taɓa sa aka sake zaɓen cikin gida da ita kanta ta lashe, saboda an sami ambulan bakwai da ba a san daga ina suka fito ba. To, wannan matar, duk yaƙin neman zaɓe a garinmu take buɗe shi, ta rungumi kowa, amma in ta zo kan Fulgencio sai su gaisa kamar surukai. Kuma waɗanda suka shiga ofishinta sun ce a bango babu hoton kowa, sai kwafin wata lalatacciyar takardar ƙuri'a. Me ya haɗa ta da tsohon nan, me kuma ya raba su?

Tun kafin ta san siyasa, Fulgencio ne wakilin jam'iyya a teburin zaɓe. A nan kowace jam'iyya da tarin takardun ƙuri'arta, mutum ya ɗauki wadda yake so ya sa a ambulan. A ƙaramin gari irin namu, inda rabin mutane suke ci daga gonar zaitun ta Don Gonzalo, akwai masu zuba ido su ga tarin wa ya ragu bayan wane ya wuce. Shi ya sa duk bayan ɗan lokaci Fulgencio yakan tashi ya daidaita tarin, namu da na abokan hamayya, su zama tsayi ɗaya. Nicasio, abokinsa na ƙuruciya, yakan ce, "Kwamared, mu muka turo ka, ko su?" Shi kuma ya ce, "Mai tsoron a gan shi ne ya turo ni."

Shekara talatin da suka wuce Araceli, tana da ashirin da uku, ta tsaya takarar kansila. Mahaifinta, Baldomero, shi ne shugaban leburori a gonar Don Gonzalo, kuma gidan da suke ciki na gonar ne. A gaban mutane ya ce mata, "In kin fita da jar tutarki, ki bar ta a waje, kada ki shigo mini da ita." Ranar zaɓe ma shi aka zaunar a matsayin wakilin jam'iyyar maigidansa, kujerarsa tana kallon ta Fulgencio.

Aka rufe akwati, aka fara buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo ta ƙarshe, ƙuri'a ɗaya tak ta rage mu sami kujerar. Shugabar teburi ta zaro takardar, ta ɗaga, sai ga sunan Araceli. Ɗaki ya ɗauki ihu. Ana cikin haka Fulgencio ya ɗaga hannu.

"Dakata, baiwar Allah. Juya ta, na hango fensir a baya."

Nicasio ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi. "Kai, ka haukace ne? Tamu ce fa!"

"Na san tamu ce. An yi rubutu a kai, kuma doka ta ce ta lalace. Da tasu ce, da kai ka fara tsalle."

Aka juya. Da wani karkataccen rubutu na wanda bai daɗe da riƙe fensir ba, an rubuta: "Kada ki sunkuyar da kai." Aka soke ta, kujera ta tafi. Baldomero kuwa taga kawai yake kallo, mutane suka ce murna ce yake ɓoyewa.

Fulgencio ya ɗanɗana kuɗarsa. Aka rubuta masa "maci amana" a ƙofar shago, 'yan jam'iyya suka koma kai takalmansu garin gaba. Araceli ta same shi a shago idanunta jawur, don ta san shi yake koya wa leburori karatu ranar Lahadi bayan abincin rana.

"Malam, kai ka koya wa rabin garin nan rubutu. Ka san hannun da ya yi rubutun nan. Wane ne?"

"Yarinya, ƙuri'a sirri ce."

"Ka kayar da ni, kuma ba za ka gaya mini ko wa ya so ni har ya cuce ni ba?"

"Ba zan faɗa ba."

Ta haɗa kayanta ta tafi Sevilla, ta shekara shida ba ta yi masa magana ba. Ta tafi da yaƙinin cewa ubanta ya jefa wa abokan hamayyarta ƙuri'arsa, malaminta kuma ya ƙarasa ta. Da wannan ciwon ta binne Baldomero shekara biyu da suka wuce.

Kai ne ka haɗiye wannan duka, Fulgencio. Da ka faɗi kalma ɗaya, da ta wanke ka, da kuma ta raba wani mutum da aikinsa da rufin da ke kan iyalinsa. Kai ne mai daidaita tari, wanda bai taɓa tambayar kowa wa ya zaɓa ba. Mun zage ka, ni ma ina ciki, kuma ina jin kunyar haka.

Ranar Lahadin nan aka dafa babbar tukunyar shinkafa a tsakar ofishi don sallamarsa. Araceli ta zo ba tare da 'yan jarida ba, ta yi jawabi gajere, ta ce a wurinsa ta koyi cewa nasarar da ba ta da tsabta ba nasara ba ce, ko da yake ta fi son a ce a kan wani ya koyar da darasin. Aka yi dariya. Sai tsohon ya miƙe da ƙyar, ya miƙa mata wata jakar takalmi.

"Mai abin nan ya kafa mini sharaɗi biyu, sai ya mutu, kuma sai na bar teburin zaɓe. Ya cika nasa, yau na cika nawa."

Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, a bangonsa an rubuta Baldomero Quesada. Ashe duk Lahadi yakan zagayo ta ƙofar baya da takalmi a hannu, wai gyara ya kawo, ya zauna ya koyi baƙaƙe ba wanda ya sani. Ta buɗe shafin ƙarshe. Jimlar nan ce, daga sama har ƙasa, ya yi ta maimaita ta har hannunsa ya saba.

"Baba yana zaune a wurin," in ji ta. "Yana kallo ka soke ta."

"Yana kallo. Washegari ya shigo shago ya jefa mini takalmi, ya ce, 'Jakin malami, ka koya mini rubutu, ba ka koya mini inda ba a rubutu ba!' Ya zauna ya yi kuka kamar yaro. Da zai fita ya ce kada in gaya miki, don in kin sani za ki je ki tsaya wa Don Gonzalo a ƙofa, a kore ku duka."

"Ka san hannunsa ne kafin ka yi magana?"

"Sai da aka juya na gane. Amma ko da na sani, yarinya, zan soke."

Nicasio, wanda ya taka masa ƙafa a ranar nan, ya cire hularsa. Ita kuwa matar da ƙasar nan ba ta taɓa ganin ta sunkuya wa kowa ba, ta sunkuyar da kai a kan littafin, ta daɗe a haka. Da izininta nake ba da wannan labari.

Mun gode, Fulgencio, ka yafe mana ƙofar shagonka da muka ɓata. Ku kuma matasan da kuka karɓi makullan, duk ranar da aka zaunar da ku a teburin zaɓe, ku tashi ku daidaita tarin kowa, kuma in kun hango fensir a bayan takardar da za ta ba ku nasara, ku ɗaga hannu.