Ranar da ordinata ta haɗiye mutanen Allakaye

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani asibitin mishan a ƙasar Madawa, ni ke riƙe da jerin sunayen masu tarin fuka. Wanda sunansa bai cikin jerin ba ya samun maganin wata. Wani likita Bature ya rubuta mana ɗan tsari a ordinata, wato kwamfuta: in mutum ya warke, sai ka gaya mata layin da yake da adadin sunayen da za ta cire daga nan.

Wata safiya, a sabuwar ordinatar da aka kawo mana, na zo cire wani mutumin Tabotaki da ya warke. Na sa layin, na manta adadi. Kafin in ƙifta ido duk sunayen da ke ƙasa da nasa sun tafi, mutanen Allakaye kaf, ga shi gobe ne ranar karɓar maganinsu. Na ruga na gaya wa likita.

Likita ya ce ba zai yiwu ba. Ya sha manta adadin a tsohuwar ordinatarsa, ba ta taɓa cire ko suna ɗaya ba. Wai dai na danna wani abu ne ina ɓoyewa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dai ba a ce mini maƙaryaciya in yi shiru.

Na ce, “Likita, mu gwada su biyun, kana tsaye.”

Muka zuba sunayen gwaji, muka ba kowace umarni iri ɗaya ba adadi. Tsohuwar ta ɗauki shirun a matsayin kar a taɓa komai. Sabuwar ta share har ƙasa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

“Malama, kin yi gaskiya,” in ji shi. “Amma sunayen fa?”

Sai na jawo kayena, wato littafin rajistata mai baƙin bango, wanda ya sha yi mini tsiya a kansa wai aikin mutanen da. Ban taɓa daina rubutawa a ciki ba. Shi da kansa ya zauna yana karanto mini ina bugawa, yana kakkarya sunayen, ina gyara masa da gayya. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Washegari mutanen Allakaye suka iso tun da hantsi. Wata tsohuwa da ta kwana biyu a hanya ita ce ta ƙarshe a jerin. Na kira sunanta, ta amsa, ta ƙulle maganinta a bakin zane.