Abincin Nan Fa Zai Huce

Kawuna mai gyaran firji ne, shekara talatin yana wannan sana'a a shagon da ke jikin gidansa. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga harkar fim, shi ma ba fuskarsa aka nuna ba. Wani darakta ne da ba shi da ko sisi ya zo neman na'urar komawa baya a zamani. Kawu ya jawo wani mataccen firji, ya liƙa masa fitilun babur da fankar tebur, shi ke nan an samu na'ura.

Labarin wai wani mai duba ne ya gano wanda ya kashe ƙaninsa, ya shiga na'urar ya koma jiya don ya hana kisan. Fim dai sai a hankali, ni ban taɓa kai ƙarshensa ba.

A shagon aka ɗauka. Jarumin na cikin firji yana zufa, kowa ya yi tsit, sai matar kawu ta ɗaga murya daga tsakar gida:

"Malam, abincin nan fa zai huce!"

Darakta ya dafe kai, amma batirin kyamara ya kusa ƙarewa, aka bar shi haka. Mun daɗe muna tsokanarta da 'yar fim.

Bayan shekara biyu ta rasu, kuma ba inda muryarta ta saura sai nan. Kullum da rana kawu zai sa faifan fim ɗin, ya kai shi minti na arba'in da ɗaya, ya ji kiran, sannan ya buɗe kwanon da na kai masa. In bai ji ba, ba ya ci.

Da faifan ya karce ya daina yi, na nemo darakta. Ya miƙo mini sabo yana washe baki.

"Wannan ya fi, mun tace shi tas. Tsohon ma na goge shi."

Ban kawo komai a raina ba, har yau ina jin haushin kaina.

Kawu ya kai minti na arba'in da ɗaya. Ga jarumi yana zufa, amma shiru. Ya mayar baya har sau uku.

"Me suka yi masa?"

"Gyara suka yi, Kawu."

"Shekara talatin ina gyara, ban taɓa cire abin da ke aiki ba."

Ya ture kwanon gefe. Da la'asar na dawo na ɗauke shi a rufe, ya huce.