Ƙanena a Kan Goran Su

Tun da nake ban taɓa ganin ciwo marar sallama irin wanda ya kama ƙanena ba. Lokacin ana yaƙin nan na Turawa, gishiri da ƙyalle sun yi wuya. Ni ina sana'ar banda a Gashuwa, in ƙyafe kifi in ɗora wa takarkari zuwa Nguru, inda jirgin ƙasa ke kwasa ya yi Kano da shi. Ƙanena ke kamo mini kifin. Masunci ne ƙaƙƙarfa, ko shekara bai yi da aure ba. Matarsa 'yar Badawa ce, 'yar firit, in ta ɗauko tulu daga kogi sai ka ji tsoron kada ya rinjaye ta.

Zazzaɓi ya ɗan taɓa shi, ya sake shi. Sai wata safiya ya tashi zai yi alwala, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Aka kira ni. Ya ce, "Yaya, zo ki gani, ƙafafun nan ba nawa ba ne." Na zaci tsokanarsa ce ta kullum, na ce ya tashi kafin in kwaɗa masa muciya. Da na ɗaga ƙafar na saki, sai ta faɗi yaraf kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Babu abin da ba mu yi ba. Rubutu ya sha, wanzami ya yi ƙaho, an yi turare har ɗakin ya yi baƙi. Muka ɗaure shi bisa takarkarina muka kai shi Nguru wurin mai ba da magani, wani mutumin kudu mai gurɓatacciyar Hausa. Allah ya saka masa, bai yaudare mu ba. Ya ce ba shi da allurar wannan, amma kada mu bar shi kwance gefe ɗaya, mu riƙa motsa ƙafafun kullum kamar suna aiki. Da wannan kaɗai muka dawo.

Yarinyar nan ta riƙe maganar kamar karatun allo. Da safe ta juya shi, ta shafe shi da man shanu, ta kama gwiwa ta lanƙwasa ta miƙe, ta lanƙwasa ta miƙe, har gumi ya tsattsafo mata. Ita ce kai shi bayan gida, ita ce wanki. Ni nawa itace ne da tuwo, sai kuma faɗa da 'yan dubiya, don mutane bakinsu ba ya gajiya. Wai ruwa ne ya taɓa shi, wai kada a kuskura ya sake kusantar kogi. Wata ma ta ce a gabana, "Yarinya ɗanya haka za ta ƙare a jinya?" Na nuna mata ƙofa, ban jira ta gama gyara mayafi ba.

Ashe yana ji. Damina ta wuce, ambaliya ta janye, yana nan kwance yana kallon hannuwan matarsa sun faffashe. Wata rana ina zaune, ta kawo masa kunu, sai ya ture ƙwaryar ya ce, "Ki ji, Yaya shaida ce. In aka yi bikin su na bana ban kawo miki kifin da hannuna ya kama ba, kin saku."

Innalillahi! Na miƙe tsaye. Na ce, "Kai, ƙafar ce ta mutu ko kan ne? Wa ya aike ka?" Ya juya fuska ga bango. Ita kuwa ta ɗauki ƙwaryar ta fita, ina jin ta a tsakar gida tana magana ita kaɗai da Badanci. Na ruga wurin liman ko da gyara. Ya ce magana zarar bunu ce, ta fita ta fita. In ranar su ta wuce babu kifi, igiyar aure ta tsinke.

Ga wanda bai san su ba: in rani ya yi, kogi kan yanke ya bar manyan gurabe. Sarkin ruwa ya hana taɓa su, sai ranar da ya sa, gari duka a faɗa. Masuntanmu kuwa gora suke hawa, ƙaton gora mai baki a sama. Mutum ya kifa cikinsa a kai, koma, wato ragar kamun kifi, a hannuwa biyu, ƙafafu na tuƙi, in ya kama ya jefa cikin goran. Na ce wa ƙanena in kawo tarwaɗa mai rai cikin ƙwarya ya sa hannu ya kama, a wuce wurin. Ya ce shi ba yaro ba ne, a su ya ce.

Bayan kwana biyu matarsa ta same ni a wurin banda. Ta ce, "Yaya, a kan gora ai kwanciya ake yi, ba tsayuwa ba. Ki ɗauko gora da koma, ni zan ɗauko shi."

Na ce da me? Ta ce da bayanta.

Wallahi da idona na gani. Ta durƙusa, na ɗora mata shi, ta ɗaure da zane kamar goyo, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ta miƙe. Har yau ban san inda ta samo wannan ƙarfi ba. Da rana tsaka muka ratsa unguwa, shi ya cusa fuska a wuyanta don kunya. Wani dattijo ya tare mu ya ce za mu mai da wa ruwa abin da ya taɓa? Na ce, "Baba, in ruwan ne ya ɗauka, ai gara mu je mu tambaye shi." Ya kauce yana salati.

Wata 'yar korama muka nufa wadda ba a hana ba. Tashin farko goran ya juye, ya sha ruwa, ya fito yana tari yana zagin kowa. Ta ɗaure shi a jikin goran da igiya a ƙugu. Washegari muka koma, da washegarin washegari. Ita ta tsaya cikin ruwa iya ƙirji, ta riƙe idon sawunsa, ta tura ta jawo irin iyon kwaɗo. Ni ina gaɓa ina korar 'yan kallo. Haka muka yi ta yi har ruwan ya fara ja baya, bandata ta lalace, ban damu ba.

Wata rana ina gyangyaɗi a gindin giginya sai na ji ta ce, "Yaya!" a hankali. Na duba. Ta ɗaga hannuwanta biyu sama, ba ta riƙe da komai, amma ruwan bayan goran yana motsi. Ƙafar hagu ce, tana ɗan shuri kamar jariri cikin barci. Na buɗe baki zan yi guɗa, kabbara ce ta fito. Shi kansa bai sani ba, sai da ta ce ya waiwaya. Tafiya da ƙafa kam sai bayan damina biyu ya yi ta, da sanda, kuma ta dama jan ta ya yi har ƙarshen ransa. Amma a ranar na san na ga ikon Allah ƙuru-ƙuru.

Ranar su ta zo. Aka kaɗa ganga, maza suka faɗa ruwa suka bar shi can baya. Yanzu babu mai riƙe masa sawu, hannuwa kuma na kan koma, sai abin da ƙafar nan ɗaya ta iya. Goran sai zagayawa yake wuri ɗaya. Rana ta take, mutane suka fara fitowa da gorunansu cike, shi ko ƙaya. Ni addu'a ma ta ƙwace mini. Ita tana tsaye a bakin ruwa, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai na ga masunta suna komawa cikin ruwan. Su ɗin nan da suka ce ruwa ya taɓa shi, har da dattijon da ya tare mu. Suka yi masa ƙawanya daga nesa, suna dukan ruwa suna matsowa, yadda ake koro kifi. Ya nitsa komar, ya haɗe, ya ɗago wayam. Ya sake. A na ukun sai ga abu yana ƙyalli, 'yar karfasa, ba ta fi tafin hannu ba.

Bai jefa ta cikin gora ba. Ya saki komar, ya riƙe ta gam, ya yi ta shuri da ƙafar nan, goran na tahowa a karkace. Ita ta shiga ruwa ta tarye shi. Ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta ɗaga sama don liman ya gani daga gaɓa. Liman ya gyaɗa kai.

Sannan ne ta zauna cikin ruwan ta fashe da kuka, kukan da ban taɓa jin ta yi ba tun ranar da ya kwanta. Muka ƙyale ta ta yi abinta. Da ta gama ta wanke fuska, ta juya masa baya ta durƙusa, ta ce ya hau su tafi gida, ba ta ɗora tukunya ba.