Mabiyiya a Tukunya

Ɗana na fari a ɗakin 'yan aji uku na haife shi, ƙarƙashin baƙin allo da lissafin yara a jiki ba a goge ba. Shekarar ce ruwa ya ci garinmu. Na zo goyon ciki gidan iyayena, wani ƙauye a bakin fadama tsakanin Haɗeja da Kafin Hausa, sai kogi ya cika ya tumbatsa, ya bi ta gonakin shinkafa ya shigo mana har tsakar gida. Aka kwashe mu a kwalekwale zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Maza suka kama baranda da gindin bishiyoyi, mu mata da yara da kaji da buhunan gero muka cunkushe a azuzuwa. Mijina yana Kaugama, hanya ta yanke, sai dai waya in an samu caji.

Har yau ina jin haushin matan da suka riga ni haihuwa. Duk wadda na tambaya yadda naƙuda take, sai ta yi murmushi ta ce, "Za ki gani." To, na gani. Ba wadda ta gaya mini cewa zan yi amai har sai da ɗacin cikina ya fito. Ba wadda ta ce idan faya ta fashe ruwan ɗumi ne zai bi ƙafafuna ya gangara har tabarmar maƙwabciya. Kuma ba wadda ta yi mini adalcin faɗa mini cewa mai yunƙuri bayan gida yana kuɓuce mata, a gaban jama'a, ita kuwa ba ta da ikon hana shi. Da hantsi abin ya yi tsanani. Aka kori yara, aka ɗaura zani biyu daga taga zuwa ƙusar allo, shi ke nan ɗakin haihuwata. Ina durƙushe riƙe da ƙafar benci, ina jin wata tana soya manja a ɗaya kusurwar ajin. Ƙaurin man nan da ƙarnin jikina suka haɗu, na tsani duniya da abin da ke cikinta.

Goggo ce ta karɓi haihuwar, yayar babana, wadda duk 'ya'yan gidanmu a hannunta suka faɗo. Tsakani da Allah ta iya aikinta. Yaro ya fito da kukansa, ta yanke cibiya da sabuwar reza, ta ɗaure. Ina cewa an gama, sai ta danna mini ciki ta ce in ƙara yunƙurawa. Wani abu ya sulluɓo, jajawur, mai santsi, kamar hantar saniya a faifan mahauci. Nan na fara ganin mabiyiya, wato abin da yaro yake manne da shi a ciki, mai biyo bayansa. Na kawar da kai.

A gida, wanke ta ake yi a haƙa rami a bayan ɗaki a binne kafin mai jego ta gama shan kunu. Amma bayan ɗakinmu yana ƙarƙashin ruwa. Wata tsohuwa ta ce a haƙa nan bayan aji. Goggo ta dube ta sama da ƙasa.

"A filin makaranta? Inda yara ke tsalle-tsalle, karnuka na tono? Kare ya tone ta, ko a binne ta a kife, yarinyar nan ta gama haihuwa ke nan har abada. A gidan ubanta za a binne ta, ni da hannuna. Ruwa ai janyewa zai yi."

Ta wanke ta, ta sa a tukunyar ƙasa, ta barbaɗa toka, ta kifa faifai. Don kada wani abu ya taɓa, ta ajiye tukunyar a gefen tabarmata, daidai kaina, inda nake kwantar da yaron.

Ruwa bai janye ba. Kullum da safe maza su je bakin tudu su duba karan da suka kafa, su dawo suna girgiza kai. Rana kuwa idan ta buɗe bayan ruwan sama, kwanon ajin nan sai ya ɗauki zafi kamar tanda. Da farko ƙarni ne kawai. Daga nan ya koma wari, daga wari ya zama ɗoyin da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Kunun kanwar da ake ɗura mini, ɗoyin nan nake ji a ciki. Gasasshen kifin da babana ya aiko mini, ko kallonsa ban iya yi ba. Matan ajin suka ja tabarminsu can nesa, suna toshe hanci da gefen mayafi, amma ba wadda ta iya tinkarar Goggo. Ita kuwa ko a jikinta, toka kawai take ƙarawa.

Wari dai na iya daurewa. Ƙudaje ne ban iya ba. Manya ne, kore shar, masu ƙara. Su taru a bakin faifai, su kutsa ta ƙasansa, su fito su sauka a kan yarona. Cibiyarsa ɗanya ce, ba ta faɗi ba. Ina zaune ina kora da hannu ɗaya, ina shayarwa da ɗaya, in gyangyaɗi ya ɗauke ni in farka in tarar da biyu ko uku a kanta. Na rufe da tsumma, Goggo ta yaye ta ce sai ta sha iska za ta bushe. Wata safiya na ga gindin cibiyar ya yi ja, ya ɗan kumbura, yaron kuma yana kama nono yana saki.

"Goggo, don girman Allah a fitar da tukunyar nan."

"A kai ta ina?"

"Ko ina. Ko kogi a jefa ta."

Ta tafa hannu tana salati. "Ji mini 'yar nan! Haihuwa ɗaya kin ƙoshi? Don ke nake wannan wahalar, marar godiya. Jan cibiya kuwa gashi da tsumma mai zafi ne bai ishe ta ba."

Na ɗaga faifan da kaina don ta gani. Da ma ban ɗaga ba. Tokar tana motsi, tsutsotsi ne fari fat. Na yi amai a wurin, na fashe da kukan da ban yi ba ko a kan gwiwa.

Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka kunya ba ta barin ta ta sa baki a sha'anina, ko sunana ba ta kira. Tun da na haihu, ruwan wankana kawai take dafawa ta ajiye ta wuce. Ranar sai ta ajiye tiren shinkafarta, ta shigo ba ta kalli kowa ba. Ta yi gammo, ta ɗora tukunyar nan a ka, ruwan da ke tsattsafowa daga gindinta yana bin wuyanta.

"Ina za ki da ita?" in ji Goggo.

"Gida, Yaya. Ba can kika ce ba?"

Ta taga na hango ta ta gangara bakin ruwa, ta shiga kwalekwalen wani masunci. Ƙudajen suka bi ta, wasu suka tsaya suna zagaya damshin da tukunyar ta bari. Na ja jiki na kankare wurin da toka da ruwan zafi har hannuna ya yi ja.

Sai bayan la'asar ta dawo. Zaninta jiƙe har ƙirji, taɓo har gwiwa, matsattsaku sun manne mata a ƙwauri sun sha jini sun yi ɓul-ɓul. Ta zauna a dokin ƙofa tana sa musu gishiri suna faɗowa. Mata suka kewaye ta, kowa na tambayar gidanta. Ta ce kwalekwale bai iya ratsa ciyawar kachalla da ta toshe hanya ba, da ƙafa ta ƙarasa. Ta ce ɗakunanmu duk sun zauna. Nata ɗakin, wanda ta haife ni a ciki, ya rushe ya zama tudun laka, ƙoƙuwarsa ce kaɗai a saman ruwa. Nan ta haƙa da hannu ta binne.

Sai Goggo ta matso. Ba ta tambayi gidan ba, ba ta dubi ƙafar Inna da ke zubar da jini ba.

"Igiyar cibiyar tana sama? Ba dai a kife kika sa ta ba?"

"Yaya, abin ya narke. Ba sama ba ƙasa. Juyewa kawai na yi."

Goggo ta dafe kai. "Shi ke nan, kun rufe wa yarinya haihuwa."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwata, ranar ma ban ɗaga ba. Na naɗe yarona a zani, jikinsa zafi rau, na miƙe.

"To ta rufu, Goggo. Wannan ɗin dai a bar mini shi."

Inna ta karɓe shi daga hannuna, ta goya shi a kan jiƙaƙƙen zaninta, muka gangara neman mai kwalekwalen da zai kai mu asibitin Haɗeja kafin rana ta faɗi.