Ranar da Malam Ba-haka-ba Ya Janye

A sashen nazarin sararin samaniya na jami'ar, ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Ba-haka-ba, shi ke nan. Ofishinsa na can ƙarshen baranda, jikin banɗaki, da fanka mai kukan tsiya. Yaran da ya koyar sun zama farfesoshi, shi kuwa yana nan inda aka ajiye shi, don bakinsa bai iya cewa "to" ba.

Rigimar duk a kan taurari ce. Waɗanda ke gefen gungu suna gudu fiye da yadda lissafin ƙarfin janyowa ya yarda, har ya kamata a ce tuni sun watse. Yawancin masana suka ce akwai wani abu mai nauyi da ba a gani, shi ke riƙe da su. Malam ya ce ina! Lissafinka bai fita ba, sai ka jingina da abin da ba wanda ya taɓa kamawa? A gyara dokar janyowar mana, can inda ƙarfin janyowar ya yi rauni. Kan wannan aka daina gayyatarsa taro. Matarsa kan ce, "Taurarin nan dai ba su san kana yi ba."

Ɗalibarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta, ta sa babi guda kan gyaran dokar a kundin digirinta na uku. Da goyo ta yi aikin, kuma wa'adinta ya ƙare. In ta faɗi, ba sake zama.

Ranar kare kundi, baƙon farfesa ya tambaye ta batun manyan gungun taurari da suka yi karo da juna, inda gyaran dokar ke ɗingishi. Tambayar gaskiya ce, Malam ya sani. Amma shugaban sashe fa? Munafukin ko buɗe babin bai yi ba, tsohuwar gaba kawai zai rama a kan 'yar mutane. Auta ta buɗe baki za ta amsa, ya katse ta.

"Mu nan ba ma ba da digiri kan taurin kai."

Zuciyar Malam ta tafasa. Ya miƙe, kowa ya gyara zama a sha musu.

"Babin nan laifina ne," in ji shi. "Ni na tilasta mata. A cire shi. Ku ne da gaskiya."

Maganar ta fito kamar ana zare masa haƙori. Aka cire babin, aka ba ta digiri. Shugaban sashe har da dafa masa kafaɗa, don rashin kunya.

A baranda ta tare shi. Ya ɗago yana jiran godiya, sai ya ga idonta jawur.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Auta, digirinki fa..."

"Wai ka tilasta mini? Ni? Da hannuna na yi lissafin nan, na kuma yarda da shi. Amsar tambayar tana bakina. Shi ya katse ni, kai ka binne ni."

"Don ke na yi."

"Su cewa suka yi na yi kuskure, wannan zan iya ɗauka. Kai kuwa ka tsaya gaban jama'a ka ce ba ni da kai."

Ta sauka matakala, ba ta waiwayo ba.